Wasiƙa: Datse Bidiyo Don Ya Shiga Waya Aikin Edita Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani aiki da na daɗe ina yi da hannuna, wanda kuma nake ganin ana yi masa riƙon sakainar kashi a yawancin kafafen yaɗa labarai da suka shiga harkar wallafa bidiyo a intanet. Aikin shi ne sauya girman bidiyo da sake zaɓar abin da zai fito a cikinsa domin ya dace da kowane dandalin sada zumunta. Mutane da yawa sun ɗauke shi ƙaramin aiki, irin wanda ake miƙa wa sabon ma'aikaci ya ƙarasa bayan kowa ya tashi, ko a bar wa manhaja ta yi ita kaɗai, alhali kuwa a nan ne ake yanke hukuncin abin da mai kallo zai gani da abin da za a ɓoye masa.

Lissafi ne ya fi saurin nuna girman lamarin. Kyamarorin ɗaukar labarai suna ɗaukar hoto ne a kwance, a ma'aunin 16:9, wato idan faɗin hoton kashi 16 ne to tsayinsa kashi 9 ne, kuma a girman da aka fi amfani da shi hoton yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye. TikTok kuwa, da Reels na Instagram da Facebook, da Shorts na YouTube, da Status na WhatsApp, duk an gina su ne bisa fuskar waya a tsaye, a ma'aunin 9:16. Wanda yake son ya cika fuskar waya da bidiyon da aka ɗauka a kwance, tsayin ɗigo 1080 ɗin nan kaɗai yake da shi, kuma faɗin da zai dace da wannan tsayi bai wuce ɗigo 608 ba. Daga 1920 an dawo 608. Ma'ana an zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na abin da mai kyamara ya ɗauko. Ko da murabba'i aka yanka, kashi 56 cikin 100 ne yake saura, idan kuma ma'aunin 4:5 ne da ake yawan sakawa a shafin Instagram da Facebook, kashi 45 ne kawai zai tsira.

Ranka ya daɗe, da a ce wakilinka ya aiko maka da rahoto mai kalma 900, wani ya zauna ya cire 600 daga ciki, na tabbata ba za ka bari a buga ragowar ba sai ka karanta da idonka ka ga ko ma'anar tana nan. Wannan shi ne ainihin abin da nake kira a yi wa bidiyo. Har ma ya fi rubutu buƙatar hakan, domin mai karatu ya san rubutu hannun mutum ne ya tsara shi, amma idan ya ga bidiyo sai ya ce gani ya kori ji, ba ya kawowa a ransa cewa akwai wani abu a dama ko a hagu da aka hana shi gani.

Matsalar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1953 kamfanin 20th Century Fox na Amurka ya fito da tsarin CinemaScope mai faɗin hoto, a lokacin da talabijin ta fara janye mutane daga gidajen silima, ita kuwa fuskar talabijin ta wancan zamani a ma'aunin 4:3 take, ta kusa zama murabba'i. Da aka zo nuna waɗannan finafinai masu faɗi a talabijin sai aka rasa yadda za a shigar da su, aka koma yanke gefe da gefe ana bin wanda yake magana, kuma ta wannan hanya fim yakan yi asarar fiye da kashi 40 cikin 100 na hotonsa. Masu shirya finafinai sun yi shekaru suna kokawa, saboda wurin da suka tsayar da mutum biyu suna fuskantar juna sai ya koma mutum ɗaya yana magana da iska. Ɗaya hanyar ita ce a bar hoton da cikakken faɗinsa a sa baƙin layi sama da ƙasa, ita kuma masu kallo suka riƙa ƙorafin an rage musu hoto. Shi kansa ma'aunin 16:9 sulhu ne, wani injiniya mai suna Kerns Powers ya kawo shawararsa a 1984 domin a sami matsakaici tsakanin tsohuwar talabijin da faffaɗan hoton silima. YouTube ya koma kan wannan ma'auni a 2008, har aka zaci an huta.

Sai waya ta zo ta juya allon baki ɗaya. Instagram ya fara a 2010 da murabba'i zalla, bai yarda da hoton kwance ko na tsaye ba sai a 2015. Snapchat ya kawo Stories, wato hotuna da gajerun bidiyo masu ɓacewa bayan kwana ɗaya, a 2013, Instagram ya bi sahu a 2016, WhatsApp ya kawo Status mai hoto da bidiyo a 2017, TikTok ya mamaye duniya bayan haɗewarsa da manhajar gajerun bidiyo ta Musical.ly a 2018, sannan Reels da Shorts suka fito duk a 2020. Dalilin a fili yake: mutum yana riƙe da wayarsa a tsaye da hannu ɗaya, kuma ba kowa ne zai juya ta don gajeren bidiyo ba. Ba na cikin masu kukan cewa bidiyon tsaye ya ɓata sana'a. Yana da nasa kyau, musamman idan mutum ɗaya ne yake magana kai tsaye da mai kallo. Damuwata tana kan bidiyon da aka ɗauka don wani allo sannan aka tura shi wani allon ba tare da an tsaya an yi tunani ba.

Na koyi wannan darasi ne da kuskuren kaina. An taɓa ba ni bidiyon wata tattaunawa ta mutum uku a zaune a teburi ɗaya, aka ce in fitar da ɗan guntu na tsaye a cikin gaggawa. Na sa manhaja ta bi fuskoki, na duba farko da ƙarshe, na miƙa. A tsakiyar guntun, daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu yake bayani a kan wani abin alhini, na kusa da shi ya juya ya yi murmushi ga wanda ya miƙo masa takarda daga gefe. Manhajar ta ga motsi sai ta koma kansa. A cikakken hoton kowa yana ganin mai miƙo takardar, babu wanda zai fahimci wani abu daban, amma a guntun da na fitar babu takarda, babu mai miƙo ta, babu ma mai maganar, sai muryar mai alhini da fuskar mai murmushi. Mutumin ya sha zagi a hannun mutanen da ba su san shi ba, a kan abin da bai yi ba. Ban ƙara kalma ko ɗaya a bakinsa ba, ban sauya sautin kowa ba, amma abin da na fitar ƙarya ne, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Ba na cewa a yi watsi da waɗannan manhajoji. Adobe ya saka Auto Reframe a cikin Premiere Pro a 2019, Google ya saki AutoFlip kyauta a 2020, Final Cut Pro da DaVinci Resolve suna da irin nasu, CapCut da matasa suka fi amfani da shi a waya shi ma yana yi. Suna rage wahala ƙwarai, domin kafin zuwansu sai mutum ya zauna yana matsar da hoton da hannu daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sai dai ya kamata a san yadda suke aiki. Manhajar tana neman fuska da motsi da abin da ya fi ɗaukar ido, sai ta sa tagar yankan, wato ɓangaren hoton da zai fito, ta riƙa binsa. Ba ta san abin da labarin yake nufi ba. Idan malami yana bayani a gaban allo za ta riƙe fuskar malamin ta yar da abin da ya rubuta, wanda shi ne darasin. Idan makaniki yana nuna yadda ake kwance wani ƙarfe za ta bi bakinsa ta bar hannuwansa. A wasan ƙwallo takan bi ɗan wasan da ya fi gudu, ƙwallon kuwa tana can wani gefen. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai fassara da yaren kurame, wanda kusan kullum a kusurwar hoto ake ajiye shi, shi ne kuma na farko da wuƙar take cirewa, sai a wayi gari sanarwar da aka yi don kowa ta daina isa ga waɗanda aka kawo shi dominsu.

Akwai kuma batun taron jama'a, wanda ya shafi aikin jarida kai tsaye. Siririyar taga idan aka ɗora ta a inda mutane suka cunkushe sai ƙaramin taro ya zama kamar ba masaka tsinke, idan kuma aka ɗora ta a gefen fili sai babban taro ya zama kamar ba kowa. Haka idan rikici ya kaure tsakanin ɓangare biyu, yankan da ya nuna mai ramawa ya ɓoye wanda ya fara duka ya riga ya yanke hukunci tun kafin mai kallo ya ji bayani. Masu tantance gaskiyar bidiyo sun san cewa shaidar inda aka ɗauki abu sau da yawa a gefen hoto take, a jikin allon sanarwa ko lambar mota ko siffar wani gini ko inda inuwa ta faɗi. Wanda ya datse gefe ya datse hanyar tantancewa. Wannan ya shafi ɗaya ɓangaren ma, wato bidiyon tsaye da wani ganau ya ɗauka da wayarsa aka kawo shi don a nuna a faffaɗan allo: idan aka ce sai ya cika allon, to sama da ƙasa ne za su tafi, kuma asarar daidai take da waccan. A ganina duk bidiyon da aka kawo a matsayin shaida bai kamata wuƙa ta taɓa shi ba, a nuna shi yadda ya zo ko da zai bar fili a gefe.

Yankewa ba ita kaɗai ce hanya ba, kuma wannan ne abin da masu gaggawa suke mantawa. Ana iya ajiye hoton kwance da cikakken faɗinsa a tsakiyar fuskar waya, inda zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, a yi amfani da filin sama wajen rubuta kanun labari, na ƙasa kuma a sa fassarar magana. Hoton zai ƙanƙance, gaskiya ne, amma babu abin da ya ɓace. Wasu sukan cike filin da kwafin hoton da aka mai da shi dishi-dishi, ni dai na fi son a bar shi launi ɗaya a rubuta abu mai amfani, domin dishi-dishin yana motsi yana raba hankalin mai kallo. Idan hira ce ta mutum biyu ana iya raba allon gida biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowa da fuskarsa, mai kallo yana ganin mai tambaya da mai amsa a lokaci guda. Ana kuma iya cakuɗa hanyoyin a bidiyo ɗaya: a matso kusa idan mutum ɗaya yake magana, a buɗe cikakken hoto idan abin da ke kewaye da shi yana da muhimmanci. Hanya ɗaya ce nake ganin ba ta da uzuri ko kaɗan, ita ce a ja hoton a miƙar da shi har ya cika allo, fuskokin mutane su zama dogaye ko su baje. Wannan cin mutuncin wanda aka ɗauka ne.

Ko an yi yankan daidai, saura rubutu. Fuskar waya ba duka ce ta mai bidiyo ba, domin kowane dandali yana ɗora nasa kaya a kai: sunan mai shafi da bayanin bidiyo a ƙasa, maɓallan so da sharhi da turawa a gefen dama, wasu alamomin kuma a sama. Wanda ya ajiye fassarar magana a can ƙasan hoto kamar yadda ake yi a talabijin zai tarar rubutun dandalin ya hau kanta, ba mai iya karanta ko ɗaya. Mutane da yawa kuwa suna kallo ba tare da sun kunna sauti ba, saboda haka idan fassarar ta rufe labarin ya tafi. Dole a ɗaga rubutu zuwa wajen tsakiya, a gajarta layi, a ƙara girman haruffa, sannan a gwada a kan waya ta gaske kafin a saki, tunda girman wuraren da dandalin yake rufewa yakan sauya daga lokaci zuwa lokaci. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin abin lura, domin ba kowane salon haruffa ne yake da ɗ da ƙ da ɓ ba, sai ka ga an sami ɗan akwati a tsakiyar kalma ko harafin ya fita dabam da 'yan uwansa. Sau nawa kuma muka ga sunan baƙo da muƙaminsa an yanke rabinsu saboda an riga an manna su a jikin hoton kwance tun farko? Maganin wannan mai sauƙi ne: a ajiye kwafi ɗaya tsaf wanda babu rubutu ko tambari a jikinsa, daga shi ne za a fitar da kowane ma'auni, a rubuta wa kowanne nasa.

Batun ingancin hoto ma lissafi ne. Waɗancan ɗigo 608 idan aka buɗa su suka cika faɗin 1080 an hura su kusan ninki biyu, shi ya sa ake ganin hoton ya dusashe. Wanda ya ɗauka a 4K, wato 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, idan ya yanka na tsaye zai sami faɗin ɗigo 1215, ya ishe shi har da saura. Don haka duk wanda kyamararsa take iyawa kuma yake da wurin ajiya, gara ya ɗauka da girma ya rage daga baya. Abin da ya fi kashe hoto kuma shi ne ɗabi'ar sauke bidiyo daga wani dandali a ɗora a wani. Kowane dandali yana matse fayil idan aka ɗora masa domin ya rage nauyi, kuma abin da matsi ya cire ba ya dawowa, saboda haka bidiyon da ya bi ta TikTok ya shiga WhatsApp ya fito ya hau Facebook an matse shi sau uku, ga tambarin wani dandalin yana yawo a kansa. A fitar da kowane kwafi daga asali. Idan wakili zai aiko da bidiyo ta WhatsApp, ya aiko shi a matsayin fayil na takarda, wato Document, domin ta haka yake isowa yadda aka ɗauke shi.

Duk da haka, mafi yawan wahalar da mai tacewa yake sha an haife ta ne tun a wurin ɗauka, tun ran gini tun ran zane. Idan an san bidiyo zai fita a kwance da tsaye, a gaya wa mai kyamara kafin ya fita. Zai ɗan ja da baya ya bar sarari a saman kai, ya ajiye abin da ya fi muhimmanci a tsakiya, ya ɗauki kowane mai magana shi kaɗai bayan ya ɗauke su tare, kuma kyamarori da yawa suna iya nuna layin ma'auni a jikin allonsu don ya ga iyakar abin da zai tsira. Na yarda wannan yana da nasa nakasu, domin hoton da aka tattara komai a tsakiyarsa ba ya da armashin wanda aka tsara shi da faɗi, kuma mai kyamarar da ya san aikinsa yakan ji an ɗaure masa hannu. Shi ya sa idan labarin babba ne na fi son a ware mutum na biyu da waya ya ɗauki na tsaye tun daga tushe, kowane allo ya sami hoton da aka yi dominsa.

Abin da nake roƙon jaridarka da sauran takwarorinta bai fi ƙarfin kowa ba. Kada guntun bidiyo na tsaye ya fita sai wani edita ya kalle shi daga farko har ƙarshe, a kan waya, yana kwatanta shi da asalin, kamar yadda ake karanta labari kafin ya tafi ɗab'i. A adana asalin kowane bidiyo yadda ya fito daga kyamara. Idan an datse hoton da ya shafi rikici ko taro ko zargi, a faɗa wa mai kallo an datse, a nuna masa inda zai sami cikakken. Matasan da aka damƙa wa wannan aiki kuma a zaunar da su tare da masu kyamara da editocin labarai a koya musu, domin yawancinsu sun iya manhajar fiye da mu, abin da ba a taɓa gaya musu ba shi ne cewa matsar da taga zuwa dama ko hagu yana iya ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Zan kuma so jaridar ta wallafa ƙa'idarta a kan wannan a fili, yadda duk wanda aka datse hotonsa ta hanyar da ta sauya ma'ana zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gyara masa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara basira, Ya yi jagora.

Naka,
Wani mai tace bidiyo, kuma mai karanta jaridarku